Hatsin da Munka Shuka a Bokitin Gobara

Bari in faɗi laifina da bakina tun kafin wani ya riga ni, don a garinmu akwai sauran tsofaffi biyu da sunka san zancen, kuma ba su da aiki sai gyara wa mutum labari. Ƙarya na yi anka ɗauke mu aikin jirgin ruwa. Da shef, wato shugaban ma'aikata, ya tambaye ni ko na iya ruwa, na bugi ƙirji na ce a cikinsa anka haife ni. Alhali ruwan da na taɓa shiga mafi zurfi shi ne tabkin bayan garinmu, can kusa da Tsarnawa, wanda in ya cika maƙil yakan kai wa jaki ciki. Ban tsaya kan kaina ba, na nuna taubashina, ɗan ƙanwar babana, na ce wannan ma kifi ne, ƙafafun da ake gani na aro ne.

Ni ba mai karatu ba ne. Wata huɗu na yi a lakwal, makarantar boko ke nan, babana ya ga ba riba, ya san yadda ya yi anka manta da ni. Rubutun nan da kuke gani da gemuna na tsince shi a ajin yaƙi da jahilci, saboda haka in kun ga ya karkace ku yi haƙuri, mai shi ma a karkace yake.

A zamanin nan, da an ɗaure hatsi an zuba a rumbu, samarin ƙasarmu sai su watse cin rani. Mu Abijan munka nufa, muna dakon buhuna a tashar jiragen ruwa. Doka guda ce ga ɗan cin rani, ba a rubuce take ba amma ta fi ta jandarma ƙarfi: duk inda kake, ruwan shuka ya same ka gida. Ni dokar ba ta dame ni sosai ba, babana na da ƙarfinsa, ina da yayye biyu, kuma ko ina nan ba a sa ni cikin lissafin masu aiki. Taubashina kuwa shi kaɗai ne namiji a gidansu. Babansa ya rasu, ga tsohuwa, ga mata, ga 'ya'ya biyu ƙanana, ga gandu mai faɗi da ba wanda zai sa masa sungumi sai shi. Manomi ne na gaske, irin wanda in ya wuce gonar wani ya ga ciyawa sai ya tsaya ya cire, ya tafi yana faɗa shi kaɗai.

Har ya ɗaure kayansa. Ya sayi turmin zane na tsohuwa, da fitila, da ƙaramar butar shayi. Ni na kwance masa ƙullin. Na ce mako uku ne kawai, jirgin zai bi bakin teku yana lodin gungumen katako ya dawo, mu sauka da sauran wata guda kafin hadari ya haɗu. Abin da ban faɗa masa ba shi ne, ni so nake in zauna gindin itacen bedin ƙofar gidanmu in ce na hau teku, in ga wanda zai buɗe baki bayana.

Kun san tsakanin taubasai. Tun muna yawo ba wando ban taɓa yi masa gaisuwa mai daɗi ba, shi ma bai taɓa yi mini ba. Ni ina kiran sa bawana, shi yana kira na jakin gidan kawu. In na ce masa ina kwana, sai ya ce da bai gan ni ba da ya fi lafiya. Da wannan munka tashi, da shi munka hau jirgi. Kwana ukun farko ina kwance ina amai har na ga kunun da anka sha ranar sunana, shi kuwa yana tsaye kaina yana kiran mutane su zo su ga kifin da anka haifa cikin ruwa.

A shekarar ce cutar amai da gudawa, wadda daga baya kowa ya san ta da kwalara, ta fara bin garuruwan bakin teku. Mun ji labarinta tun muna tasha, mun ɗauka irin labarin da ake ba baƙo ne don a tsorata shi. Muna cikin mako na biyu wani abokin aikinmu ya faɗi. Da hantsi yana jan igiya tare da mu, kafin la'asar ya shanye kamar busasshiyar kuɓewa. Wani ƙaramin kwalekwale mai inji ya zo daga gari da likita, sun rufe hanci da baki, sunka ɗauke shi. Ban ƙara jin labarinsa ba, Allah ya sa ya tashi. Daga nan anka ɗaga wani ƙyalle ruwan ɗorawa saman jirgi, shef ya tara mu ya ce ba shiga ba fita sai bayan kwana biyar.

Ran na huɗu wani ya faɗi, anka sake ƙirga daga farko. Da kwanakin sunka cika, garin ya ce shi dai mu yi gaba. Garin gaba ya riga ya ji labari ta waya, ya ce kar mu ko matso. Munka zama kamar akuya mai ƙazwa, kowace ƙofa da sanda ake tarye ta. A ƙarshe anka jefa ƙarfen da ke riƙe jirgi, munka tsaya wuri guda. Ga ƙasa muna gani, ga itatuwan kwakwa, ga hayaƙin girkin mutane, in iska ta juyo har carar zakara muna ji, amma da mu da ita sai kallo. Ni da jiri bai gama saki na ba, in amai ya taso sai in haɗiye abina in yi murmushi, kar a ƙara wa jama'a kwana biyar saboda ni.

Cutar ba ta ƙara kama kowa ba. Wani abu daban ya kama mu, wanda likita bai zo da maganinsa ba. Aiki ya ƙare, sai a ba mu ƙarfe mu kankare tsatsa, mu shafa fenti, gobe mu kankare fentin jiya. Akwai wani dogo da kullum da safe zai yi wanka, ya sa rigarsa ta zuwa gari, ya ɗauki akwatinsa ya tsaya bakin tsani har rana ta take, sannan ya koma ya cire. Mutum biyu da sunka shekara goma suna cin abinci kwano guda sunka fasa wa juna baki kan cokali. Baturen da ke kula da inji ya aske rabin gemunsa ya bar rabi, ba kuma wanda ya ga abin tambaya a ciki.

Taubashina shi watanni yake ƙirga, irin ƙirgar manoma. Wata rana bayan mun sallame magariba ya ɗaga kai ya ga jinjirin wata, ya ce wannan shi ne na bakwai. Kowa a ƙasarmu ya san watan bakwai maƙarar rani ne, ko ba ruwa da alama. Tun daga ranar ya fara janyewa. Ya rage ci, ya bar shan shayi, ya koma can bayan jirgi ya zauna yana fuskantar arewa tun safe har yamma.

Ban gane abin ya yi nisa ba sai ranar da na same shi na ce, "Bawa, wanga kai naka awa tulun da ya hwaɗo daga bisa jaki."

Ya dube ni ya ce, "To."

Na zagi hancinsa, na zagi tafiyarsa, na tuna masa ranar da tunkiya ta kore shi har cikin masallaci. Duk abin da na faɗa, to. Wanda bai da taubashi ba zai san nauyin wannan ba. Da ma ya zage ni har kakanni, waɗanda kakannina ne ni ma, da na samu barci.

Sai ruwan sama ya sauko. A gida ruwan farko yana da ƙanshi, ƙasa ta buɗe, yara su fita tsirara, tsofaffi su tona da hannu su ga iya inda laima ta kai. A teku ba ƙanshin komai. Na same shi tsaye cikin ruwan ya jiƙe sharkaf, yana kallon yadda yake zuba, yana cewa a hankali ruwa na zuba cikin ruwa, dubi ɓarna, dubi ɓarna. Ya ce yanzu haka kowa na gona, tsohuwa na zaune ƙofar gida tana duban hanya. Washegari teku ta kwanta lif. Na zo na tarar ya tuɓe takalmansa ya jera su gefe guda, ya dafa ƙarfen bakin jirgi, ya ce mini in duba, ai kamar gonar da anka share ce, mutum zai iya takawa ya tafi. Na yi dariya don ban san abin da zan yi ba, amma na riƙe masa gefen riga, ban sake ba har anka kira cin abinci.

Na gaya wa shef. Ya ce duk jirgin haka yake, har shi, ya miƙo mini ƙarfen kankarar tsatsa in kai masa. Na gaya wa kuku, wani dattijo mutumen Senegal da muke salla tare. Ya tofa addu'a a ruwa ya ba ni, ya ce kar in bar shi shi kaɗai. Taubashina ya karɓi ruwan ya sha, ya ce to.

Ina so in ce abin da na yi bayan nan hikima ce, kuma shekaru na yi ina faɗin haka. Gaskiya tsokana ce. So nake in yi masa abin da zai tashi ya mare ni. A bayan ɗakin girki akwai wasu jajayen bokitai shida rataye a ƙugiya, cike da yashi, an yi musu rubutu da farin fenti. Ranar da munka hau jirgi shef ya yi bayaninsu, ni lokacin ina kallon wani tsuntsu. Abin da na sani, mutane na kashe guntun taba a ciki. Shi kuwa kuku yana da ɗan buhun hatsi da yake ɓoyewa, yana dama kununsa irin na ƙasarsu. Na faki idonsa na cika aljihu, na kwashe bokitan ɗaya-ɗaya na kai bayan jirgi, na jera su gaban taubashina.

"Tunda gona kake ma kuka, bawa, ga gandu na kawo maka har gida."

Na zuba hatsi cike da hannu a kowane bokiti, na danna shi ƙasa har wuyan hannuna ya nutse. Na ɗaura wa gwangwani igiya na ɗebo ruwan teku na kwarara, ina waƙar da nake ƙagawa nan take, ina rawa ina yi wa gonar kirari. Ya ci gaba da kallon arewa. Kullum safe da yamma ina ban ruwa ina waƙa. Kwana huɗu ba abin da ya fito sai wari. Na ƙara sato hatsi na sake, wannan karon na ninka ruwan, don a ganina ƙishi ne ya hana shi.

Ran na shida ina cikin kwarara ruwa sai na ji motsi. Ya taso, ya tsuguna, ya sa yatsa cikin yashin ya kai bakinsa, ya tofar.

"Wane jaki yay yi wanga aiki?"

Wallahi ko ranar aurena ban ji daɗin da na ji ba. Na ce jakin gidan kawunka ne. Bai ko dube ni ba, faɗa yake yi. Wa ya taɓa ganin an ba hatsi ruwan gishiri? Wa ya ce ana ba hatsi ruwa da hannu, albasa ce? Iri ake binnewa ko gawa? Ya ce shekara nawa ina cin tuwon gidan kawu ban san yadda ake samo shi ba, ya ce in matsa, inuwata ma ba ta da albarka.

Daga nan aiki ya koma hannunsa, ni na zama ɗan aike. Ya sa na juye yashin kan buhu, munka tsince guntayen taba, munka bar ruwan sama ya wanke shi kwana biyu yana ɗanɗanawa. Ya samo ƙusa ya huda gindin kowane bokiti. Ya aike ni kejin kajin kuku in kankaro kashinsu, na tafi ina murna kamar an aike ni karɓo sarauta. Ya raina irin, ya ce da gani gajeren kai zai yi, ba kamar zango mai dogon kai na gidanmu ba, amma baƙo ba ya zaɓen tabarma. Bai yarda an shuka ba sai da anka yi ruwa mai ƙarfi, ya tona da hannu ya ga laima ta kai ƙasa. Ya sari rami da guntun katako, ya ɗebi iri da yatsu uku, ya yi bisimilla ya jefa. Na kai hannu zan rufe, ya buge ni. Ya ce hatsi da diddige ake rufe shi. Haka wannan babban mutum ya dafa kafaɗata, ya ɗaga ƙafa ya sa diddige cikin bokiti, sau shida, jirgi na lilo da mu.

Ya kuma raba gonar yadda ake rabawa a gida. Bokiti huɗu gandu, biyu gamanata, wato 'yar gonar kaina. Da safe aikin gandu, ba ni da izinin taɓa nawa sai bayan azahar. Na ce wane aiki ne cikin bokiti huɗu da zai kai mutum azahar? Ya ce rago kullum haka yake tambaya.

Ran na uku da sassafe sai ga su, ƙananan allurai kore shar. Ban san yadda labari ya zaga ba, kafin hantsi rabin jirgi na bayan jirgi. Mutane sun yi wata ba su ga abin da ya canza daga jiya zuwa yau ba, sai ga abu yana tsawo. Dogon nan mai akwati ya riƙa biyowa ta gona kafin ya tafi bakin tsani, daga baya ya riƙa ajiye akwatin ya zauna kansa, har ya bar zuwa tsanin. Mutanen bakin teku sunka ce da shinkafa ce da ta fi, taubashina ya ce shinkafa abincin marar lafiya ce, anka yi kwana biyu ana gardama mai daɗi. Baturen inji ya zo da ma'auni yana gwada tsawon kowace safiya yana rubutawa da alli jikin bango, ya kuma ƙarasa aske gemunsa. Kuku ya gane inda hatsinsa ya tafi, ya bi ni da ludayi sau ɗaya don fita hakki, sannan ya kawo toka wai a zuba. Shef ya zo ya tsaya, ya buɗe baki, ya dubi taubashina da ke cin shinkafar da ya gama zagi, ya rufe bakinsa ya tafi.

Ba zan ce ya warke sarai ba. Yakan tsaya cikin aiki ya dubi arewa, ya ce wannan ba ya cika rumbu. Amma yana ci, yana salla cikin mutane, takalmansa na ƙafarsa, kuma ba ya kwana bai zage ni ba.

Ni kuwa na riƙe gamanata da gaske. Da lokacin cira ya yi, ya rage nasa ya bar uku-uku, ya ce in rage nawa. Na ƙi. Na ce ba ni raba 'yan'uwa. Sunka taso a cunkushe, sirara, rawaya, amma ni a idona ba kamarsu. A gabansu nake cin abinci. Ruwan sha da ake auna mana, rabi nake sha in ba su rabi a ɓoye. Da safe in gaishe su, in ba su labarin abin da anka yi jiya. Na ɗauke hular shef na yi musu mutum-mutumi saboda tsuntsaye, ko da yake tsuntsayen wurin kifi suke ci. Duk wannan ban ga komai a ciki ba, na ɗauka kula ce irin ta manomi.

Hatsi ya kai tsawon hannu, wata rana da tsakar rana mai ya kama wuta a ɗakin girki. Kuku ya fito yana kururuwa, hayaƙi na bin sa. Shef ya ruga wurin ƙugiyoyi, ya tarar da su shida reras ba ko ɗaya da bokiti, ya tuna, ya kwaso da gudu bayan jirgi. Sai a lokacin na san amfanin jajayen bokitan. Sanin bai hana ni komai ba. Na sha gabansa na ware hannuwa, na ce ba a taɓa shuka ɗanya, duk wanda ya taɓa sai mun je gaban mai gari. Ya ture ni, na rungume ƙafarsa, munka zube. An ce har na cije shi. Ban tuna ba, amma ya nuna mini wurin, kuma haƙoran sun yi kama da nawa.

Muna cikin birgima taubashina ya zo a natse, ya tsaya kan bokitan kamar mai zaɓen rago a kasuwar Konni. Ya tsallake huɗun gandu, ya ɗauki nawa biyu, ɗaya a kowane hannu, ya shiga cikin hayaƙin ya juye su kan wutar. Ta mutu nan take. Ya fito yana tari, ya ajiye bokitan gabana.

"Ka gode Allah, jaki. Yau dai noman ka ya yi amfani."

Kumandan jirgin ya sauko, wanda tun da munka hau ban gan shi kusa ba sai ranar. Ya dubi ɗakin girki, ya ɗaga bokiti ya leƙa sama ta hujin gindinsa, ya yi magana mai tsawo da Faransanci. Abin da na tsinta da lakwal ɗina na wata huɗu kalma ɗaya ce, ita ma ba ta faɗuwa. Shef ya fassara a taƙaice, wai kowane bokiti ya koma ƙugiyarsa yanzu. Taubashina ya tambaya ko an ce a cire abin da ke ciki. Shef ya ce ba a ce ba. Haka gandu ya koma bayan ɗakin girki, rataye, yana kaɗawa cikin iska.

Ni na yi kuka, ba na ɓoyewa, kuka da majina. Kwana uku ban yi masa magana ba. Shi ya riƙa bi na da kwano yana cewa in ci, magadan gamana ba su da kowa sai ni, yana tambaya ko za a yi sadakar uku.

Mun kusa mako goma kan ruwa kafin a sauke ƙyallen nan. Anka yi mana allura, anka ba kowa takarda, anka sauke mu inda munka hau. Hatsin ya kai gwiwa, munka bar wa kuku amana. Jirgin ƙasa ya kai mu Wagadugu, daga nan kamyo, babbar motar kaya, zuwa Yamai, wani kamyon ya biyo da mu Doso da Dogondutsi. Tun daga can hatsi ke gefen hanya hagu da dama, an gama noman farko. Taubashina ya sake janyewa, ni kuma na sake riƙe gefen rigarsa.

Da munka sauka Tsarnawa bai bi hanyar gida ba, ya yanki daji da kayansa a kai, ina bin sa. Munka tarar da gandu kore. Tsohuwa da matarsa su sunka yi shukar, ɗaya na sara ɗaya na jefawa, kwana biyar suna yi. Babana kuma ya kira gayya anka yi noman farko. Ya ajiye kaya, ya bi layi ɗaya har ƙarshe ya dawo, idonsa ya yi ja. Na jira in ji godiya. Ya ce layin a karkace yake, kuma an yi nisa da rami. Na saki rigar.

Mutanen gari sun ji daga bakin teku muke, sunka ce takardar likita ta likita ce, mu yi kwana biyar a bukkar gona tukuna. Ana ajiye mana fura gindin wata ƙalgo a koma baya a yi mana sannu da ƙarfi. Tsohuwa takan tsaya daga nesa ta dube shi, ta ce ya rame, ta dube ni, ta ce ni ko da ma. Shi bai taɓa jin daɗin hukunci irin wannan ba, an tsare shi cikin gonarsa. Ni na yi maimai na kwana biyar da ban yi niyya ba.

Da anka sake mu na samu abin da na fita nema. Na zauna gindin bedi, ba mai buɗe baki bayana. Na ba da labarin teku, na ƙara mata faɗi, na ba da labarin yadda taubashina ya tashi zaucewa na yi masa magani da dabarar da likitan Turawa bai sani ba. Zancen cizo da kuka ban cika kaiwa wurin ba, magariba takan yi. Shi yana zaune yana gyaran hauya, bai taɓa ƙaryata ni gaban mutane ba.

Sai da kaka, muna ɗaurin hatsi a gandunsa mu biyu, na sake ɗauko zancen, na ce har yau bai yi mini godiya ba. Ya ja igiyar damin ya taka da ƙafa. Ya ce ranar da ya tashi ya ɗanɗana yashin nan, kuku ne ya same shi da safe, ya ce masa ɗan'uwanka kwana shida ke nan yana ba bokiti ruwan teku yana rawa, shef ya riga ya ware igiyar da za a ɗaure shi, in kana da sauran ƙarfi ka tashi. Ya ce shi a ranar ko ɗaga kai ba ya so, amma ya tuna shi zai tsaya gaban kawu ya yi bayani. Ya ɗaga damin ya aza mini a kai, ya faɗi maganar da har ya koma ga Allah ban ba shi amsarta ba.

"Kai da kake ta ba mutane labari, cikinmu wa kake tsammani anka yi jinya?"